Tun da Na Fara Tallar Inshora Kawuna Ya Daina Amsa Sallamata

Kafin mu shiga wasiƙar wannan mako, akwai sanarwa mai nauyi ga jama'ar Jambutu da kewaye, da masu wucewa, da masu niyyar wucewa. Kujerar katakon nan tawa, wadda ta shafe shekaru a gindin dalbejiyar ƙofar gida tana sauraron maganganun duniya ba ta taɓa tofa albarkacin bakinta ba, ta yi ƙaura zuwa cikin gida, bayan randa. An yanke wannan hukunci ne bayan doguwar shawara tsakanina da kaina, ba a kuma samu mai adawa ba. Uwargida ta ƙaurace wa zaman, ta ce tankaɗe take yi.

Dalili kuwa, wani bawan Allah ne mai farar riga soke cikin wando, da baƙar jaka a hammata, ya ishe ni da sintiri. Ranar farko daga nesa na hango shi yana tambayar mai shayi, mai shayi yana nuno ni da cokali. A wannan zafi na Garwa da kwalta ke narkewa, mutum ya shaƙe wuyansa da igiyar nan ta Turawa, ai iri biyu ne kawai ke wannan ɗanyen aiki: mai neman ƙuri'a da mai tallar inshora. Zaɓe kuwa bai zo ba. Na sulale ciki, na ce wa yara in ya yi sallama a ce ba na kusa, na kuma gargaɗe su kada wanda ya karɓi takarda ko saƙo daga hannunsa, domin daga karɓar takarda ake farawa. Ya zo, ya koma, ya sake zuwa.

Ana cikin haka sai ga wannan wasiƙa. Ku karanta, sa'annan ku gaya mini ko zargina bai da tushe.

*

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin ya kai ni inda ba ni da wanda zan gaya wa, duk wanda zan gaya wa yana cikin labarin. Ka yi haƙuri in ka ga ina kewaye-kewaye, kaina ne ba daidai ba.

Ni haifaffen Garwa ne. Gidanmu kowa ɗan kasuwa ne tun kakanni, ni kaɗai aka ware aka ce in yi boko. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai Kawu Hamadu, yayan mahaifiyata, mai shagon yadi a babbar kasuwa, ya ɗauke ni. Shi ya ci da ni, shi ya biya mini makaranta har na gama jami'a a Ngaundare. Na dawo da lisans ɗina, wato digiri, na yi ta kai dosiye, takardun neman aiki, ofis-ofis, na rubuta konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, har hannuna ya gaji, shiru. Sai wani abokina ya kai ni kamfanin inshora, asurans kamar yadda muke faɗa a nan. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Shugabar sashenmu Madam Blandine, mace ce mai fara'a, in tana magana sai ka ji kamar ka riga ka yi arziki. Ta ce babu albashi amma kuma babu iyaka, duk wanda ka kawo ya sa hannu ya biya kana da kasonka, komisiyon. Ta ce mai albashi bawa ne, mu kuwa kowa sarkin kansa. Aka yi mana ɗan horo, aka ba kowa jaka mai tambarin kamfani. Ta ce kada mu wahalar da kanmu da baƙin ido, mu fara da masu ƙaunarmu.

Malam ka san al'adarmu. In yaro ya kafa tebur ko ya buɗe shago, manya sukan zo su sayi wani abu ko ba sa buƙata, ba sa tayawa, su biya su ce Allah ya sa albarka. Haka aka yi wa Mahfuzu, ɗan Kawu, ranar da ya buɗe shagon wayoyi, har tsohuwar da ba ta da waya sai da ta sayi caja. To ni ma da na zaga da jakata haka aka yi mini. Kawu na fara kai wa. Ya ce, "Wato wannan ce hajarka? Takarda? Kawo mu gani." Bai bari na gama bayani ba ya ce nawa ne, ya sa hannu a ta gobarar shago da ta rai, ya biya, ya dafa kaina. Da aka ji Kawu ya saya sai kowa ya saya. Baffannina, mijin yayata, abokan mahaifina na kasuwa. Gwaggo Kaltumi ta dangwala yatsa tana dariya, ta ce ita ba ta san abin da ta saya ba amma Allah ya sa a fara a sa'a.

A gaskiya na faɗa musu duk wata ake biya. Na faɗa. Amma da sauri na faɗa, rabi da Faransanci, daidai lokacin da ake shi mini albarka, ban kuma maimaita ba, don na ga in na maimaita hannun da ya shiga aljihu zai tsaya.

Watan farko na riƙe kuɗin da ban taɓa riƙewa ba. A taron Litinin aka kira sunana aka tafa mini, Madam ta ce in miƙe a ga zakin Arewa. Na sayi babur, na yi wa mahaifiyata ɗinki, na kai wa Kawu turare mai tsada.

Sai wata ya kama. Saƙo ya fara shiga wayoyinsu wai lokacin biya ya yi. Gwaggo ta aiko a tambaye ni ko wancan da ta bayar bai isa ba ne. Madam ta ce aikina ne in bi su, kuma duk wanda ya tsaya da biya tun da wuri, kamfani zai zare kason da ya ba ni a kansa daga abin da zan samu nan gaba. Ni ban ji wannan magana ranar horo ba. Ita ta ce ta faɗa, kuma tana cikin takardar da na sa wa hannu.

Haka na fara zagaye. Da can ni ne mai zumunci a gidanmu, kowace Juma'a in an sauko sai na bi gidajen manya ɗaya bayan ɗaya na gaishe su, har misali ake yi da ni. Yanzu ma Juma'ar ce, gidajen ne, amma bayan ina gajiya da yaya iyali sai in ce, "Af, Baffa, batun takardar nan." Wasu suka sake biya don kunya. Wasu suka ce in dawo. Daga baya sai na lura ina kashe babur a ƙofar gida, rediyon da ke ciki shi ma sai ya mutu. Yaran dangi suka sa mini suna Ƙarshen Wata. A majalisarmu kuwa ba mai faɗin ya yi sabuwar mota ko matarsa ta haihu in ina zaune, sai hirar ƙwallo har in tashi.

Kada ka ce aikin duk sharri ne Malam, akwai abin da ya hana ni barinsa. Akwai wata Madam Jacqueline 'yar Mora, mai sarin albasa. Ba dangina ba ce, ba addininmu ɗaya ba, a tasha na same ta. Wannan mata ta titsiye ni da tambaya kamar ta kama ɓarawo. Ta sa aka karanta mata takardar layi-layi da Hausa. In mota ta kife wa zai biya? In laifin direba ne fa? In ruwa ne ya ɓata kayan fa? Ta ce, "Ku masu jaka bakinku ɗaya da masu maganin basir, komai kuna warkarwa." Ta tafi ta dawo, ta sake tafiya ta dawo, sa'annan ta biya. Da damina motar da ta ɗauko mata kaya ta faɗi a hanyar Marwa. Kamfani ya yi jan ƙafa, na yi ta hawa da sauka a kanta, amma a ƙarshe aka biya ta. Ta zo har ofis da buhun albasa a bayan babur, ta ce da ba don ni ba da ta koma kan dutse noman dawa. Ranar na ji ni ma mutum ne. Tun daga nan take turo mini abokan sana'arta, kuma babu ɗaya a cikinsu da na taɓa bi don ya biya. Aikin ya buɗe mini baki, na san garin nan lungu-lungu, ba mai tsare ni a kujera, in mahaifiyata za ta asibiti ni ke kai ta ba sai na roƙi izni ba. Sai dai wani watan abin da ke shigowa ba ya ko mayar da kuɗin mai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Kawu. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa guda ya yi nauyi. Da na ji labari daga ofis na wuce kai tsaye, jakar tana rataye a kafaɗata, wallahi ban ma tuna da ita ba. Na yi sallama, matarsa Inna Rahma ta leƙo, ta dubi jakar kafin ta dubi fuskata, ta ce yana barci. Alhali ina jin tarinsa da muryar Mahfuzu a ɗaki. Na koma washegari, yana barci. Na sake komawa, barcin dai. Daga baya Mahfuzu ya tare ni a kasuwa ya ce, "Baba ya ce a gaya maka bai mutu ba tukuna. In ya mutu za a aiko maka ka zo da takardunka." Malam, mutumin da ya goya ni a bayan kekensa ya kai ni makaranta ranar farko. Ashe an gaya masa takarda ta biyun da ya sa wa hannu sai ya mutu ake biya, shi kuwa ya ɗauka duk ta shago ce. An kuma ce masa haramun ce, caca ce da ajali. Yanzu a ransa na ci kuɗi a kan mutuwarsa, na zo dubiya ne in ga ko ta kusa.

Ina zargin Mahfuzu ne ya fassara masa ta mummunar hanya, domin tun muna yara yana ganin an fifita ni. Ina zargin Madam ma, domin da na gaya mata cewa ta yi ai wannan dama ce, in lallaɓi iyalin su ci gaba da biya tunda yanzu takardar za ta yi rana. Ta kuma ce in na cika adadin da aka yanka mini kafin ƙarshen shekara za a ba ni shugabancin tawaga da ɗan albashi. Bara ma haka ta gaya wa wani, har yau yana kan babur kamar ni. Ban san wanda zan yarda da shi ba, har ni kaina.

In bar aikin ne? In na bari me zan ci, kuma ko na bari Kawu zai yarda gaisuwa ce ta kawo ni? In na ci gaba a haka ina tsoron ya cika ban ga fuskarsa ba. An ce jikin da sauƙi, amma shekaru sun ja. In ka yarda Malam zan iya zuwa har gida in gaishe ka mu yi maganar baki da baki, an ce mini a Jambutu kake.

Naka,
Ƙarshen Wata, Garwa.

*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba zan kira ka da sunan da yara suka raɗa maka ba, ko da yake, Allah ya shirye su, sun iya raɗa suna.

Bari in fara da layinka na ƙarshe. A'a, kada ka zo. Wasiƙarka sau biyu na karanta ta, na farko da tausayi, na biyu da tabarau, ina neman inda aka ɓoye wurin sa hannu. Ina kuma da ƙwaƙƙwaran zaton kai ne mai farar rigar da ya raba ni da inuwar dalbejiyata. In kai ne, to ka sani ba ni da shago, ba ni da mota, raina kuwa uwargida ta ce bai kai a riƙa biya masa wani abu duk wata ba. Ka ga abin da sana'arka take mayar da dattijo mai hankali. Wannan shi ne harajinta na farko, ba a kuma rubuta shi a takardar da kuka sa wa hannu ba.

Aikinka tsohon aiki ne da ya sake riga. Kakanninmu dillanci suke ce masa, abin da Madam take kira komisiyon kuwa la'ada ce. Dillalin shanu a kasuwar Adumri ba shi da albashi, bai taɓa jin kunyar haka ba, da la'ada ya gina gida ya aurar da 'ya'ya. Amma shi in an yi ciniki an sallama, an ja saniya, ya karɓi nasa, magana ta ƙare. Kai taka saniyar duk wata sai an sake sayenta. A nan aka yi karo. Danginka sun zo maka da tsohuwar al'ada, saye ɗaya, albarka ɗaya, kowa ya kama gabansa. Kai kuma ka karɓi albarkar ka kai ofis aka rubuta ta a matsayin alkawari. Ba za ka ce sun saɓa ba, tunda ba su san sun ɗauka ba.

Ka ce ka faɗa musu, da sauri, rabi da Faransanci. Ka kuma ce Madam ta ce ta faɗa maka batun zare kaso, kai ba ka ji ba. Ajiye waɗannan maganganu biyu kusa da juna ka dube su da kyau. Uwa ɗaya uba ɗaya. Zafin da ka ji ranar da ta nuna maka takarda, shi Gwaggo Kaltumi ta ji ranar da saƙo ya shiga wayarta, sai dai ita ta fi ka ladabi, aike ta yi.

Yanzu ga nawa zargin. Me zai sa kamfani ya ɗauki mai lisans, ya hana shi albashi, ya rataya masa jaka, ya ce fara da masu ƙaunarka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ina zargin danginka aka ɗauka aiki, kai ƙofar shiga ce kawai. Duk sabon yaro yana zuwa da gida guda cike da masu jin nauyinsa. In aka tatse gidan, yaron ya iya tsayawa da ƙafarsa, madalla. In ya faɗi, ga wani a layi da sababbin baffanni. Man fetur naka, babur naka, rana taka, kunya taka. An ce kai sarkin kanka ne, to na karanta tarihin sarakuna da dama, ban ci karo da wanda talakansa shi kaɗai ne ba sai kai. Batun shugabancin tawaga kuwa, ka ce a rubuta maka, da adadin, da ranar, da albashin, da sa hannu. In ta ce haba, ba ka yarda da ni ba ne, ka tuna mata cikin ladabi cewa a wurinta ka koyi cewa abin da ba a sa wa hannu ba babu shi.

Duk da haka ba zan ce ka jefa jakarka a kogin Binuwai ba, domin Madam Jacqueline ta hana ni. Dubi yadda ta saya. Ta zarge ka, ta titsiye ka, ta haɗa ka da masu maganin basir, ta tafi ta dawo. Wanda ya zarge ka kafin ya saya ba ya ɓuya maka bayan ya saya. Mai saye don yana sonka shi ne mai kashe rediyo. Ashe kasuwarka tana tasha, wurin masu sarin albasa da masara, masu kifin Lagdo, masu motocin haya da dole su yanki takardar mota ko suna so ko ba sa so. Waɗannan suna da abin da suke tsoron rasawa, kai kana da abin da zai rage musu tsoron, ciniki ke nan na gaskiya, babu kunya a ciki. Aikin yana da daɗinsa ga mai haƙuri. Babu wanda ya yanke maka iyakar samu, lokacinka naka ne, kuma in ka tara irin su Jacqueline su ne za su zame maka albashi. Amma yana son mutum mai rumbu, wanda zai ɗebi na watan yunwa daga watan ƙoshi. Kai da ka samu, turare ka saya. Ban hana turare ba, amma ba a zuba shi a tankin babur.

Saboda haka ka ba kanka wa'adi, mu ce zuwa bayan kaka, lokacin da kaya ke motsi a hanya. Ka yi aikin da baƙin ido zalla, bayani da Hausa ko Fulatanci, a hankali, har sai mai saye ya maimaita maka abin da ya fahimta. In ya ciyar da kai a haka, sana'a ce, riƙe ta. In bai ciyar da kai sai da naman dangi ba, ajiye jakar ba tare da jin ka faɗi ba. Bakin da ya buɗe da sanin gari da ka yi ba na kamfani ba ne, da su za ka tafi.

Batun halal da haram, ni ba mufti ba ne, rawanina ma na rana ne. Malamai sun yi dogon bayani a kan inshora, ba kuma hukunci ɗaya suke ba kowane irinta ba. Je ka zauna gaban wanda ya karanci babin ciniki, da takardunka a fassare, ka ji da kunnenka. Kada ka ɗauki fatawa a majalisar shayi, kada kuma ka ɗauka a taron Litinin.

Mahfuzu kuwa ka sauke shi daga ranka. Ko da ƙeta ya fassara, abin da ke rubuce ya fassara, kai ka bar masa abin fassarawa. Ɗan da ke juya mahaifinsa a kan gado ba yanzu ake tone-tonen ƙuruciya da shi ba. Shawarar Madam kuma ta lallaɓar iyali a bakin gadon mara lafiya, bar ta inda ka ji ta. Takardar nan ta Kawu ce. Kada ka soke ta a ɓoye, kada ka biya ta a ɓoye. Ka nemi kamfani ya cire sunanka daga ita da duk takardun danginka, a miƙa wa wani, yadda ko sisi ba zai sake shigo maka ta wannan ƙofa ba. Ka samu dattijo ɗaya da Kawu ke jin maganarsa, ka yi masa cikakken bayani, in jiki ya yi ƙwari shi zai warware masa, Kawu ya zaɓi abin da ya ga dama. Sauran dangi ka bi su sau ɗaya tak, ka ce wannan abu duk wata ne, ban yi muku bayani yadda ya kamata ba, wanda ba ya so ya bari, babu komai. Za a zare maka kaso. A zare. Kuɗin makaranta ne, kuma wannan karon ba Kawu ne zai biya ba.

Amma duk wannan bayan ka ga Kawu ne, domin aiki zai jira ka, shi kuwa ba mu da tabbas. Gobe ka je, ba jibi ba. Ka bar jaka, ka bar babur, ka sa doguwar riga da hula, ka taka da ƙafa, ai an ce zumunta a ƙafa take. Kuma kada ka je kai kaɗai, ka sa mahaifiyarka a gaba. Inna Rahma za ta iya ce maka yana barci, ba za ta iya ce wa ƙanwarsa ba. In ka shiga ka durƙusa, kada kalmar inshora ta fito daga bakinka, ko da niyyar wanke kai. Ka ce Kawu na yi maka laifi, na bar ka ka sa hannu ban yi maka bayani ba, ka yafe mini. Kada ka ƙara da amma. In ya juya maka baya, ka fito ka zauna a zaure, washegari ka dawo. Ka karɓi sayen magani, ka karɓi kai shi gashi asibiti, ka yi ta zuwa har idon mutanen gidan ya daina neman kafaɗarka. Ba lallai sai ka bar aiki zai yarda da kai ba. Abin da ya rasa shi ne yaron nan mai zuwa ranar Juma'a ya gaishe shi ya tashi babu af. Mayar masa da shi. Daga yau jaka ba ta fita ranar Juma'a, ba ta shiga gidan biki, ba ta shiga gidan makoki, ba ta zuwa dubiya.

Su kuwa masu kashe rediyo da masu cewa yana barci, ni ban ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kujerata ma shaida ce.

Allah ya ba Kawu Hamadu lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanka, ya ba ka abincinka ta hanyar da ba za ta ci maka zumunci ba.

*

Ƙari, bayan na gama rubuta na sama. Mai farar rigar ya ritsa ni jiya a ƙofar masallaci bayan la'asar, ina neman takalmina, babu hanyar gudu. Ba kai ba ne, ƙanena. Marcel ne, malamin makaranta, ɗan abokina André, wanda muka yi zaman benci ɗaya a Mora muna yara. An kawo mahaifinsa asibiti nan Garwa, tsohon yana ta cigiyata, jakar kuwa takardun likita ne a ciki da hoton ƙirji. Duk kwanakin nan tsohon yana kallon ƙofa, ni ina bayan randa ina yaba wa kaina wayo. Na je, alhamdu lillahi na same shi da rai. Ya zage ni da Hausa, ya ƙara da Faransanci, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Na ce ban ga laifin masu kashe rediyo ba. Na yi kuskure, kuma in da mai karanta wa Kawu Hamadu jarida, ya karanta masa wannan wurin. Kujera ta koma gindin dalbejiya. Ƙanena, in ka ga Kawu ka zo ka ba ni labari, ƙofa a buɗe take. Jakar dai a bar ta a gida.